RA'AYINMU: Kada Tsoron Yanke Wuta Ya Sa Mu Miƙa Guminmu Ga 'Yan Damfara

 A wannan fitowa mun ga ya wajaba mu yi magana a kan wani abu da yake cin aljihun mutanenmu a ɓoye, wanda kuma yawancin waɗanda ya shafa ba su son a ji, saboda kunya. Muna nufin damfarar da ake yi wa masu ƙananan sana'o'i da sunan biyan kuɗin wuta, wani lokaci kuma da sunan kuɗin ruwa ko na kwashe shara.

Da yawa daga cikinmu ba ma'aikatan gwamnati ba ne. Teloli ne, da masu walda, da masu injin niƙa, da masu aski da gyaran gashi, da masu shagon magani, da masu sayar da kifi da kaji a firiza, da masu cajin waya. Da waɗannan sana'o'i ake ciyar da gida, a biya kuɗin makaranta da na haya, a kuma taimaki gwauraye da marayu. Dukansu kuwa a kan wuta suka dogara. Ranar da babu wuta babu ciniki, ko kuma ribar ta ƙare a man janareta. Ɗan damfara ya san wannan sarai, kuma da shi yake kama mutum.

Mu ɗauki misali. A ce ranar Juma'a ce da yamma, wata mata ta cika firiza biyu da kifi da kaji na naira 400,000 saboda cinikin ƙarshen mako. Sai wayarta ta yi ƙara. Mai kiran ya gaishe ta da ladabi, ya ambaci sunanta da layin da shagonta yake, ya ce: "Mama, daga ofishin wuta nake kira. Sunanki ya fito cikin waɗanda za a yanke wa wuta yau, motarmu ma tana kan hanya. Amma in za ki iya tura naira 35,000 cikin minti talatin, zan cire sunanki. Ga lambar asusu." Matar ta san ana bin ta ɗan bashi, ta san ofis ya kusa tashi, in aka yanke kuwa sai Litinin. Ta dubi firiza, ta auna 35,000 da 400,000, ta tura. Babu motar da ta zo domin dama babu mota. Ƙarshen wata takardar kuɗin wuta ta zo da bashin nan yadda yake, lambar da ta kira ta kuma a kashe.

A lura da kyau, wannan mata ba wawta ta yi ba. Lissafin da ta yi daidai ne in da mai kiran gaskiya ya faɗa. Abin da ya raba ta da kuɗinta shi ne an hana ta lokacin da za ta bincika. Duk dabarar ke nan: a tsorata mutum, a ƙayyade masa mintuna, a ba shi hanya ɗaya tak ta kuɓuta. Sanin sunanta da adireshinta kuwa ba wata shaida ba ce. Takardun kuɗin wuta ana liƙa su a bango da ƙofofin shaguna, lambar mita tana jikin mita, lambar wayar mai shago tana rubuce a allon shagon. Duk mai wucewa zai iya kwafa. Har sunan da yake fitowa a kan saƙon waya ana iya ƙirƙirarsa ya yi kama da na kamfani.

Ya kamata mu tuna yadda harkar wuta take a ƙasar nan, domin ruɗanin da ke cikinta shi ne gonar ɗan damfara. Har yau bakinmu ya saba da cewa NEPA, alhali tun shekarar 2005 aka sauya ta zuwa PHCN, a watan Nuwamba na 2013 kuma aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni goma sha ɗaya. A Arewa, KEDCO ke kula da Kano da Katsina da Jigawa. Kaduna Electric ke da Kaduna da Sakkwato da Kebbi da Zamfara. Kamfanin Jos ke da Filato da Bauchi da Gombe da Binuwai. Na Yola ke da Adamawa da Borno da Taraba da Yobe. Na Abuja kuma ke da Babban Birnin Tarayya da Neja da Kogi da Nasarawa. A samansu akwai hukumar NERC mai sa ido, sannan bayan dokar wutar lantarki ta 2023 wasu jihohi sun kafa hukumominsu. Mutumin da bai san sunan kamfanin da ke ba shi wuta ba, bai san inda ofishinsa yake ba, duk wanda ya zo da tsani da riga mai ƙyalli ya ce "NEPA ce" zai yarda da shi.

Wannan ya kawo mu ga hanya ta biyu, wadda ta girmi wayar hannu: masu zuwa da tsani. Mutum biyu ko uku su sauka daga babur, ɗaya ya jingina tsani a turken wuta ya fara hawa, ɗaya ya tsaya a ƙasa yana jira mai shago ya fito da gudu. Daga nan sai a koma gefe a "sasanta". Ana ba da dubu biyar ko goma a hannu, babu rasit, tsani ya sauka. Wani lokaci waɗannan mutane ba su da alaƙa da kowane kamfani. Wani lokaci kuma ma'aikata ne da suka ci amanar aikinsu. Ko wanne ne, kuɗin bai shiga asusun mai shago na wuta ba, bashinsa yana nan, kuma ya sanar da su cewa nan wurin samu ne. Za su dawo.

Hanya ta uku ita ce araha. Masu mitar kati sun san cewa in an sayi wuta ana ba da lambobi ashirin a danna wa mita. Sai ka ga talla a WhatsApp ko Facebook cewa akwai wani "na ciki" da zai ba ka wutar naira 20,000 a kan naira 10,000. 'Yan'uwa, ba mai sayar da kati ke yanka farashin wuta ba, hukuma ce ke amincewa da shi. A watan Afrilu na 2024, da aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin A, wato masu samun aƙalla awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit, an sanar da shi ga kowa a fili. Babu wani ɗan kasuwa na gaskiya da zai sayi abu ya sayar a rabin kuɗinsa. Ko dai a karɓi kuɗinka a turo maka lambobin da mita za ta ƙi, ko a ba ka na gaske a karo na farko domin ka saki jiki ka turo mai yawa a karo na biyu, ko kuma a saya maka da katin banki na sata, sai ya zama lambar mitarka ce za a gani ranar da aka zo bincike. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Hanya ta huɗu ita ce mita kanta. Saboda mutane sun gaji da kuɗin ƙiyasi, kowa yana neman mita, sai wasu suka mai da wannan ƙishi abin kasuwanci. Za a zo da fom, a karɓi kuɗin "rajista" da na "gaggauta aiki", shi ke nan. Akwai tsarin sayen mita da aka kafa a 2018, an kuma fara wani shirin gwamnatin tarayya na raba mitoci kyauta a 2020, amma dukansu ta hannun kamfanin rarraba wuta ake bi. Haka nan da aka zo batun sabunta mitocin kati kafin ranar 24 ga Nuwamba 2024, lokacin da agogon da ke cikin tsarin lambobin ya kai ƙarshen ƙirgensa, hukuma ta bayyana cewa aikin kyauta ne, lambobi ne kawai ake ba mutum ya danna da hannunsa. Duk wanda ya zo maka da zancen "gyaran mita" ko "sabuntawa" yana neman kuɗi a hannu, ka ce ya jira ka tambayi ofis.

Hanya ta biyar ta fi sauran muni, domin ita asusun banki gaba ɗaya take kwashewa. Za a kira ka a ce an caje ka fiye da kima, za a mayar maka da rarar, sai dai ka faɗi lambar katinka na ATM, da BVN, da lambar da banki zai turo maka yanzu a waya. Ko kuma ka rubuta kuka a shafin kamfani a intanet, sai wani shafi mai irin tambarinsu ya amsa maka da sauri ya ce ka biyo shi ta saƙon sirri. Ku riƙe wannan da kyau: mai son ya ba ka kuɗi lambar asusunka kawai yake bukata. Lambar sirrin kati da lambar nan da banki ke turowa makullan ɗakinka ne. Kamfanin wuta ba ya tambayarsu, banki ma ba ya tambayarsu.

Akwai kuma karo-karon taransifoma. Taransifoma ta lalace, unguwa ta yi makonni cikin duhu, sai wasu su fito da littafi suna bi shago-shago. Mun san cewa wani lokaci mutanen kirki ne da suka gaji da jira. Amma ya kamata a sani cewa bisa ƙa'idar NERC, saye da gyaran taransifoma da turaku da wayoyin kan layi nauyin kamfani ne. In unguwa ta ga dole ta sa hannu, to a yi shi da yarjejeniya a rubuce da kamfanin, a san wanda ke riƙe da kuɗi, a karanta lissafi a gaban kowa.

To, mene ne abin yi? Shawararmu ba ta da tsada, amma tana bukatar a mai da ita ɗabi'a.

Na farko, ka san matsayin asusunka kafin wani ya faɗa maka. Ka sami fayil ko jaka guda ka riƙa tara takardun kuɗin wuta da rasit bi da bi, ka kuma ɗauki hotonsu a waya domin rubutun rasit ɗin POS yakan goge. Duk wata ka duba ko abin da ka biya ya fito a sabuwar takarda. Mutumin da ya san nawa ake binsa, da ranar da ya biya na ƙarshe, da wuya a firgita shi da kiran waya.

Na biyu, ka je ofishin kamfani na yankinka da ƙafarka tun babu matsala. Ka san wurin, ka karɓi lambar sashen kula da abokan ciniki, ka rubuta ta a bangon shago. In wani ya kira yana barazana, ka kashe wayar, ka kira lambar da ke bangonka. Kada ka kira lambar da mai barazanar ya ba ka, domin abokinsa ne zai ɗauka.

Na uku, kada ka tura kuɗin wuta a asusu mai sunan mutum. Kafin tura kuɗi ta waya sunan mai asusun yakan fito, ka tsaya ka karanta shi. Ka biya a ofis, ko a banki, ko ta manhajar bankinka, ko wurin wakilin da kamfani ya amince da shi, kuma ka tabbata rasit ɗin yana ɗauke da sunan kamfani da lambar asusunka ko ta mitarka. In kati kake saye, ka duba sunan da adireshin da suka fito kafin ka amince.

Na huɗu, in mutane sun zo shago, ka karɓe su da mutunci, ka nemi katin shaidar aiki, ka karanta suna, ka kira ofis a gabansu. Cikin haƙƙoƙin da NERC ta lissafa wa mai amfani da wuta akwai a sanar da shi a rubuce kafin a yanke masa. Ma'aikacin gaskiya ba zai ji haushin tambaya ba. Kada a yi faɗa, kada a taɓa tsani, kada a tara jama'a a kan kowa. Mun sha ganin yadda ƙaramar gardama a bakin shago ke zama abin da ba a zata ba. Ka kira maƙwabci ɗaya ko biyu su zama shaida, ka rubuta abin da ya faru.

Na biyar, ka koya wa yaran shagonka. Sau da yawa ɗan damfara yakan jira sai maigida ya fita, ya sami yaro ko yarinya mai koyon aiki, ya ce "maigidanka ya san da maganar". A kafa doka a shago cewa mutum ɗaya ne ke biyan kuɗin wuta, kuma ba a fitar da ko kwabo daga aljihun tebur sai an ji muryarsa. Wannan doka ta shafi ma'ajin ikilisiya, da shugabannin makarantu da ƙananan asibitocinmu, da zumuntar mata masu injin niƙa na haɗin gwiwa. Kuɗin jama'a ya fi bukatar sa hannu biyu da rasit.

In kuwa abin ya riga ya faru, kada a ɓata lokaci. A kira banki nan take, ko a je reshe mafi kusa, a ce a rufe kati, a kuma ba da lambar asusun da kuɗin ya shiga. Bankuna suna da sashen da ke kula da damfara, kuma saurin kai rahoto shi ke ba da damar a tare kuɗin kafin a kwashe. Kada a goge saƙonni da lambar da ta kira. A kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC, a kuma sanar da kamfanin wuta a rubuce. In matsalar tsakaninka da kamfanin ne, kamar kuɗin ƙiyasi da ya wuce hankali, akwai matakai: ka rubuta wa sashen ƙorafi na kamfanin ka riƙe kwafi, in ba a share maka hawaye ba ka ɗaukaka zuwa ofishin sauraron ƙorafi na NERC, ko hukumar jiharka in tana da ita. Tun a 2020 hukumar ta sa iyaka ga abin da za a iya caza wa marar mita ta hanyar ƙiyasi.

Yanzu bari mu faɗa wa kanmu gaskiya, ko da ba daɗi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wani zai ce, "Ai kuɗin da ake kawo mana ba adalci a ciki, wutar ma ba ma ganinta, gara in ba mai tsani dubu biyar in huta." Mun ji wannan kuka, kuma akwai gaskiya a cikinsa. Amma a duba inda hanyar take kai mutum. Wanda ya saba ba da na goro a gindin turke ya koya wa kansa biyan kuɗi ba rasit, ranar da ɗan damfara ya zo kuwa ba shi da abin da zai bambanta shi da na jiya. Wanda kuma ya yarda aka jona masa waya ta bayan mita ya miƙa wuyansa. Wanda ya yi masa aikin, ko abokinsa, zai iya dawowa kowane wata da barazanar tona asiri, shi kuwa ba shi da bakin kai ƙara. A 2025 NERC ta ɗaga tarar wannan laifi zuwa naira 100,000 a karo na farko ga ƙaramar mita, ban da biyan wutar da aka sha, dokar 2023 kuma ta tanadi ɗauri a kan satar wuta. Ba a ma maganar gobarar da irin wannan haɗi ke jawowa a kasuwanni. Garin neman gira kada a rasa ido. Mai takardunsa cikakku shi ne kaɗai zai iya duban mai tsani ya ce, "Mu je ofis."

Abu na biyu da ke cutar da mu shi ne gudun hayaniya. Da yawa daga cikin masu karatunmu suna zaune a wuraren da suke jin su baƙi ne ko marasa rinjaye, sun kuma saba da cewa gara a biya a zauna lafiya. Son zaman lafiya abu ne mai kyau, amma neman rasit ba tsokana ba ce. Ɗan damfara ba ya tambayar addini ko ƙabila, yadda ya cuci shagonka haka zai cuci na maƙwabcinka. Saboda haka wannan yaƙi ne da ya kamata a yi shi tare da maƙwabta duka, da ƙungiyar 'yan kasuwa, da mai unguwa. Haka nan kada mu ruɗu domin mutum ya kira mu "ɗan'uwa", ko ya ambaci sunan garinmu, ko ya ce wane ne ya turo shi. Zamba cikin aminci ta fi ciwo. A kira wanen a tambaye shi.

Abu na uku shi ne kunya. Wanda aka damfara yakan yi shiru don kada a ce ba shi da wayo, shirun nan kuwa shi ke ba ɓarawo damar ya shiga shago na gaba da labari iri ɗaya. Muna roƙon shugabanninmu su ba da minti biyar a lokacin sanarwa, da taron mata da na matasa, a karanta waɗannan shawarwari, a kuma bar waɗanda abin ya shafa su faɗi yadda aka yi ba tare da an yi musu dariya ba. Matasanmu da suka iya waya su zauna da iyaye da tsofaffi su nuna musu yadda ake duba sunan asusu da yadda ake rufe kati.

Daga ƙarshe muna kira ga kamfanonin rarraba wuta da su ma su gyara nasu ɓangaren. Su wadata mutane da mita, su buga lambobin wayarsu da hanyoyin biya a fili da Hausa a rediyo da bangon ofisoshinsu, su ba kowane ma'aikaci katin shaida da za a iya tantancewa, su kuma hukunta wanda aka kama yana karɓar kuɗi a hannu. Muddin takardar kuɗin wuta ta zama abin da mai shago ba ya fahimta, ɓata-gari za su ci gaba da fakewa da sunansu.

'Yan'uwa, a wannan mako kowa ya nemo takardar wutarsa ta ƙarshe, ya duba abin da ake binsa, ya rubuta lambar ofis a bangon shago, ya kuma zaunar da yaransa ya faɗa musu dokar. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye mu, ya sa albarka a aikin hannuwanmu.

Edita